Tsofaffin Kwalaben Lemo: Asalinsu, Alamominsu da Matsayinsu a Bakin Iyakar Illela

Tsohuwar kwalbar lemo ita ce kwalbar gilashi da wani kamfani ya sa aka ƙera masa don ɗura lemo mai gas, wadda yanzu an daina yin irinta, ko kuma kamfanin da ya mallake ta ya daina aiki. A Amurka da Ingila tara irin waɗannan kwalabe ya zama sha'awa mai zaman kanta, da ƙungiyoyinta da kasuwanninta da littattafan da ke bayyana farashi. Abin da masu tarawa suka fi nema shi ne kwalaben ƙananan kamfanonin garuruwa, domin sunan garin yana jikin gilashin, kuma sau da yawa kwalbar ce kaɗai shaidar da ta rage cewa an taɓa yin wannan sana'a a wurin. A ƙasar Hausa ba a saba ajiye kwalba don kallo ba. Kwalba kayan aiki ce, ana juya ta har sai ta fashe. Wannan ya sa tsofaffin suka yi wuya, ya kuma sa 'yan kaɗan da suka tsira suka zama shaidar tarihin ciniki, musamman a gari irin Illela, inda kayan Nijeriya da na Nijar suka daɗe suna haɗuwa.

Asalin lemo mai gas da matsalar murfi

A shekarar 1767 wani masani ɗan Ingila, Joseph Priestley, ya gano yadda ake cusa iskar gas a cikin ruwa a garin Leeds. A 1783 Jacob Schweppe ya mayar da wannan ilimi sana'a a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, kuma sunansa ne har yau ke kan lemon Schweppes. Tun daga farko babbar matsalar sana'ar ba ta haɗa lemon ba ce, ta tsare gas ɗin ce. Da ɓawon wani itace ake toshe bakin kwalba a wancan zamani, kuma in ya bushe sai ya tsuke, gas ya sulale, lemo ya zama ruwan zaƙi kawai. Kusan duk sauye-sauyen da aka yi wa siffar kwalba a ƙarni na 19 daga wannan matsala suka taso.

Dabara ta farko ita ce a yi kwalba mai tsinin gindi ko mai zagayayyen gindi, wadda ba ta iya tsayawa. Dole a kwantar da ita, lemo ya riƙa taɓa abin toshiyar, ya hana shi bushewa. A 1872 Hiram Codd na Landan ya fito da kwalba mai ɗan ƙwallon gilashi a cikin wuyanta. Ƙarfin gas ne ke tura ƙwallon sama ya matse wani zoben roba a baki, mai sha kuma sai ya danna ƙwallon ƙasa. Yara kan fasa irin wannan kwalba don su ciri ƙwallon su yi wasa, shi ya sa lafiyayyunta suka ragu, ko da yake har yanzu ana amfani da ita a Japan da wasu sassan Indiya. A 1879 Charles Hutchinson na Chicago ya kawo murfin waya mai roba da ke zama a cikin kwalbar, wanda ya mamaye Amurka shekaru masu yawa duk da wahalar wanke shi. Maganin matsalar ya zo a 1892, lokacin da William Painter na Baltimore ya ƙirƙiro murfin ƙarfe mai haƙora, wanda shi ne ake ɓalle wa lemon kwalba har gobe. Sai kuma a 1903 Michael Owens ya kammala injin da ke hura kwalba da kansa a Toledo ta jihar Ohayo, aka samu kwalabe masu baki iri ɗaya da murfin zai zauna a kansu daram, cikin araha.

Zamanin ƙananan kamfanoni

Kwalba na da nauyi, tana fashewa, kuma tilas ta koma inda ta fito a sake cika ta. Saboda haka kafin hanyoyin mota su kyautata, kamfanin lemo ba ya iya kai kaya nesa da inda keken doki zai je ya dawo a yini guda. Wannan ne ya sa kusan kowane gari a Amurka da Ingila ya samu mai ɗura lemonsa, wani lokaci mai sayar da magani ne ko mai kanti da ya kafa ɗan inji a bayan gida. Kowannensu kan sa a zana sunansa da sunan garinsu a jikin gilashi, don kada wani ya kwashe masa kwalabe ya ɗura nasa.

Manyan sunayen da aka sani yanzu ma ta wannan hanya suka bazu. John Pemberton ya haɗa Coca-Cola a Atlanta a 1886, ana sayar da shi a kofi. Wani mai kantin alewa, Joseph Biedenharn, shi ya fara ɗura shi a kwalba a garin Vicksburg a 1894. A 1899 wasu lauyoyi biyu na Chattanooga suka samu izinin ɗura shi a mafi yawan ƙasar, suka riƙa rarraba izinin ga 'yan kasuwar garuruwa. Kwalbar nan ta Coca-Cola mai ƙugu da kowa ya sani, kamfanin gilashi na Root da ke Terre Haute ne ya tsara ta a 1915, kuma shekaru da yawa ana buga sunan garin da ya yi odarta a gindi. Daga wajen 1934 aka fara gasa fenti mai launi a jikin gilashi maimakon zanen da ke tasowa. Da tituna suka yi kyau, manyan motoci suka yawaita, sai manyan kamfanoni suka haɗiye ƙanana, kwalabensu suka koma bola da tsofaffin rijiyoyi, inda masu tarawa ke tono su yanzu.

Shigowar lemon kwalba Nijeriya da Nijar

Ƙasar Hausa ba ta rasa abin sha ba kafin zuwan kwalba. Akwai fura da nono, kunun zaƙi, zoɓo, ruwan tsamiya da lamurje, kuma ƙwarya da randa da tulu sun wadatar. Kwalabe sun fara yawaita ne tare da kantunan Turawa irin su John Holt, UAC, CFAO da SCOA, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kuma kai Ƙauran Namoda ta Gusau a 1929. Daga wannan reshe ne kayan kanti ke hawa mota zuwa Sakkwato da garuruwan da ke arewa da ita. Akwai bambanci ɗaya tsakanin Arewa da Kudu a nan. A gaɓar teku kwalaben barasa sun cika kasuwa tun ƙarni na 19, amma yarjejeniyar Brussels ta 1890 da dokokin mulkin mallaka sun hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai a Arewa. Don haka tsofaffin kwalaben da aka fi samu a Arewa na magani ne, da na turare, da na tawada, sannan na lemo.

Ɗura lemo a babban mataki ya fara ne da Nigerian Bottling Company, wanda A. G. Leventis ya kafa a 1951, ya fara fitar da Coca-Cola a Legas a 1953. Kamfanin Seven-Up na iyalan El-Khalil, 'yan asalin Labanan, ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 1960, ranar da Nijeriya ta samu 'yancin kai. Daga baya kamfanonin biyu suka buɗe masana'antu a Arewa, Kano na cikin manyan cibiyoyinsu. Kuɗin man fetur na shekarun 1970, da ƙarin albashin Udoji na 1974, sun mayar da lemon kwalba abin da ake sauke baƙo da shi, ake kai kiret-kiret gidan biki da suna da walima. A tsakanin wannan lokaci da shekarun 1990 sunaye da yawa sun yi tashe sannan suka ɓace ko suka ja baya, irin su Limca, Gold Spot, Parle Soda, Afri-Cola da Crush. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya durƙusar da ƙananan masana'antu da dama. Kwalaben waɗannan sunaye su ne a nan suka yi daidai da kwalaben ƙananan garuruwa da ake nema a Amurka.

A Nijar kuwa, kamfanin Braniger da aka kafa a Yamai a 1967 shi ne ya daɗe yana riƙe da kasuwar, yana ɗura lemon Youki da kuma Coca-Cola da danginsa. A 2019 ya sanar da rufe masana'antarsa saboda asara, kuma gasar kayan sha masu araha da ke shigowa daga waje na cikin dalilan da aka ambata. Kwalabensa masu rubutun Faransanci sun shiga sahun abubuwan da ba za a ƙara yin irinsu a yadda aka san su ba.

Illela, mahaɗar kwalabe biyu

Illela hedikwatar ƙaramar hukuma ce a arewacin jihar Sakkwato, tana fuskantar Birnin Ƙonni ta jihar Tawa, da 'yan kilomitoci kaɗan a tsakani. Iyakar da ta raba garuruwan biyu, Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, amma harshe ɗaya ne, dangi ɗaya, auratayya ɗaya. Kasuwar Illela da ke ci ranar Lahadi ta shahara da dabbobi da hatsi, kuma gari ne na ciniki da wucewar kaya. Lemon da ake sha a can daga manyan birane yake zuwa, ta hannun diloli, zuwa masu tireda da masu shayi da masu sayar da ƙanƙara.

Abin da ya bambanta garin shi ne cewa hanyoyin kwalba biyu ne suka ci karo a cikinsa. Ta kudu kwalba na zuwa da rubutun Turanci da sunan kamfanin Nijeriya. Ta arewa kuma tana zuwa da rubutun Faransanci, wasu ma a tsallaken iyaka buteli suke ce mata. A ƙa'ida kowace kwalba tana komawa ga kamfaninta. Amma wadda ta tsallake iyaka a cikin kayan matafiyi ko ɗan kasuwa ba ta da hanyar komawa, domin dilan Sakkwato ba zai karɓi kwalbar Yamai ba, na Ƙonni ma ba shi da abin da zai yi da ta Kano. Irin waɗannan marayun kwalabe su ne ke maƙalewa a gidaje da rumfuna, kuma a cikinsu ne aka fi sa ran samun tsofaffi.

Wajen da kaya suka fi kwarara ya danganta da ƙarfin kuɗi da halin iyaka. Faɗuwar naira daga 1986 ta sa kayan Nijeriya suka yi araha ga mai riƙe da sefa, sai rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya ɗan sauya lissafin. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa a Agustan 2019, kuma Illela na cikin huɗun farko da aka buɗe a Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Kowane irin wannan sauyi yana barin alamarsa a irin kayan da ke kan teburin mai tireda.

Dalilan ƙarancin tsofaffin kwalabe

Dalili na farko shi ne tsarin mayarwa. A jikin kwalaben Nijeriya akan rubuta da Turanci cewa ruwan ciki kawai aka sayar. Kwalbar ta kamfani ce. Mai saye ko dai ya sha a tsaye a gaban mai kanti, ko ya kawo wata kwalba a musanya, ko ya ajiye kuɗin jingina. Kwalba ɗaya kan zagaya sau ashirin ko fiye, ana wanke ta ana sake cikawa, kuma in ta tsage sai a niƙa ta a narka. Idan kamfani ya sauya samfuri, tsofaffin yakan janye su gaba ɗaya.

Dalili na biyu shi ne rayuwa ta biyu da kwalba ke yi a kasuwa. Kamar yadda mudu da tiya suke ma'aunin hatsi, haka kwalba take ma'aunin abu mai ruwa. Da ita ake auna man gyaɗa, manja, man shanu, zuma da kananzir, har kalmar kanta ta zama sunan awo, a ce kwalba ɗaya ko rabin kwalba. Ana zuba soyayyiyar gyaɗa a cikinta, masu maganin gargajiya na zuba tsimi. A bakin titunan Ƙonni da sauran garuruwan kudancin Nijar, masu sayar da fetur ɗin da ake kira ruwa-ruwa a manyan kwalabe suke jera shi. Wadda ta fashe ma ba ta huta ba, domin ana dasa ɓaraguzanta a kan katanga don tsoron ɓarawo. A Bida, maƙeran gilashi na unguwar Masaga sun daɗe suna narka tsofaffin kwalabe suna yin duwatsun wuya da awarwaro. Abin da ya rage kuma 'yan jari-bola na tattarawa su sayar. Amfanin kwalba shi ne ya cinye ta.

Dalili na uku shi ne roba. An yi wa gorar roba irin ta lemo rajista a Amurka a 1973, kuma daga farkon wannan ƙarni ita da gwangwani suka ci gaba da ture gilashi a kasuwannin Arewa. Ba ta da nauyi, ba ta fashewa a kan hanya mai gargada, ba a kuma dawo da ita. Masu zoɓo da kunun aya da masu man gyaɗa duk sun koma kanta. Wannan ya rage darajar kwalba a matsayin kayan aiki, ya sa ake zubar da waɗanda da can ake adanawa.

Yadda ake gane shekarun kwalba

Abu na farko da ake dubawa shi ne layin haɗi, wato siririn layin da ke hawa gefen kwalba inda ɓangarorin mazubi biyu suka haɗu. In layin ya tsaya a wuya bai kai baki ba, da hannu aka gama bakin, kuma kwalbar ta riga zamanin inji ko ta fito daga masana'antar da ba ta riga ta samu inji ba. In ya haye har saman baki, ƙirar inji ce, ta ƙarni na 20. Ƙananan kumfa a cikin gilashi, da kaurin da bai daidaita ba, su ma alamun tsufa ne.

Na biyu shi ne baki da gindi. Kwalba mai ƙwallo a wuya ko wadda ba ta iya tsayawa galibi ta girmi mai bakin murfin ƙarfe. Irin waɗannan a Afirka ta Yamma an fi samunsu a tsofaffin tashoshin jiragen ruwa da unguwannin Turawa. A gindi ko a ƙasan gefe akan samu tambarin masana'antar gilashi da lambobi, kuma sau da yawa biyu daga cikin lambobin shekarar ƙira suke nunawa. Kwalaben farko daga waje aka shigo da su, daga baya masana'antun cikin gida suka karɓi aikin, irin su Beta Glass mai masana'antu a Agbara da Ughelli.

Na uku shi ne rubutu. Wanda ya taso daga jikin gilashi ya fi mai fenti daɗewa a mafi yawan lokuta. Ma'aunin da aka rubuta ma yana magana. Kwalbar Nijeriya mai awon Ingila na oza ta riga komawar ƙasar ga awon mita a shekarun 1970, inda aka koma rubuta santilita, kamar 35 ɗin da aka saba gani. Kwalaben yankin Faransa kuwa tun asali da santilita suke. Duk wani farashi da aka rubuta da sule ko fam ya riga 1 ga Janairu 1973, ranar da naira ta fara aiki. Lambar hukumar NAFDAC kuma ba za ta bayyana a kan abin da ya riga 1993 ba, shekarar da aka kafa hukumar.

Na huɗu shi ne launi da gogewa. Farin gilashin da aka yi daga wajen 1880 zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Farko yakan rikiɗe ya yi shunayya-shunayya in ya daɗe a rana, saboda sinadarin manganis da ake zuba masa. Fararen zobba biyu da ke zagaye kafaɗa da ƙasan kwalba kuwa gogayya ce da 'yan'uwanta a kan injin ɗurawa. Kaurinsu na nuna yawan zagayen da ta yi, ba lallai yawan shekarunta ba.

Daraja da adanawa

A kasuwar masu tarawa abubuwa huɗu ke yanke farashi: ƙarancin irin kwalbar, lafiyarta, launinta, da sunan wurin da ke jikinta. Kwalbar babban kamfani da aka yi miliyoyinta ba ta da tsada ko da ta shekara hamsin, amma ta kamfanin da ya yi shekara biyu ya rufe tana iya zama abin nema. Akwai waɗanda suka kai farashi mai ban mamaki, kamar samfurin gwaji na kwalbar Coca-Cola ta 1915 da aka yi gwanjonsa a 2011 kan dala dubu 240, sai dai irin wannan ɗaya ne a cikin dubbai. Mafi yawan tsofaffin kwalabe ba su wuce kuɗin cefane ba. Ya kamata a riƙe wannan, domin an sha yaudarar mutane da jita-jitar cewa tsohon dutsen guga ko tsohon keken ɗinki na ɗauke da wani sinadari mai tsada. Babu wani ɓoyayyen abu a cikin gilashin kwalba. Yashi ne da kanwa irin ta masana'anta da farar ƙasa.

Darajarta ta gaskiya a wuri kamar Illela ita ce bayanin da take ɗauke da shi: wane kamfani, wane gari, wace shekara, ta wace hanya ta iso. Saboda haka rubuta inda aka samo kwalba da wanda ya ba da ita da abin da ya tuna game da ita ya fi goge ta muhimmanci. Wuraren da aka fi samun tsofaffin kwalabe su ne tsofaffin shagunan diloli, ɗakunan ajiya na gidaje, rumfunan masu man gyaɗa da zuma, tsofaffin juji, da wurin 'yan jari-bola. Murafu, kiret na katako, allunan talla na ƙarfe da mabuɗan kwalba su ma suna cikin abin da ake haɗawa, tunda sukan ɗauki sunan kamfani da adireshinsa.

Wajen tsabtacewa, ana jiƙa kwalba a ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu na kwana ɗaya ko biyu, a wanke ciki da burushi mai laushi. Ruwan zafi kan tsohon gilashi na iya tsaga shi, yashi ko toka kuma na kankare fenti. Hazon da ke kama kwalbar da ta daɗe a ƙasa ba datti ba ne, gilashin ne ya ci, kuma wanki ba ya fitar da shi. Ana ajiye masu fenti a inuwa, nesa da rana mai kodar da launi, a kan kanta mai ƙarfi inda ba za su riƙa bugun juna ba. Kwalbar da aka tsinta ba a shan komai a cikinta, domin mai yiwuwa an taɓa zuba mata fetur ko maganin ƙwari. Wanda ya tara abin da ya fi ƙarfin ajiyarsa yana iya tuntuɓar cibiyoyin da ke adana kayan tarihi, kamar cibiyar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, inda kaya ke zama tare da rubutaccen bayaninsu don amfanin masu bincike.